Murfin Alƙalamin Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wanta, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya ƙalau, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Allah ya sa ciwon bayan nan da ya kwantar da kai bara ya tafi ke nan, ya ƙara maka ƙarfin nema, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu ma nan alhamdu lillahi, muna ta lallaɓawa. Mama dai ƙafa ce, ran da ta ga dama ta taka, ran da ba ta ga dama ba sai an riƙe ta, amma bakin nan garau yake, daga kan kujera take gyara wa kowa shara. Kawu ya je an sa masa haƙora, ya dawo yana tauna nama yana yi wa mutane faɗa da sabon ƙarfi. Maigidana lafiya lau, ya ce in gaishe ka tun kafin in fara surutuna in manta. Ni kuma ina nan asibiti a ɗakin masu karaya, kullum ni da masu babur da taurin kansu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da ko mai tallan ruwa yana da waya a aljihu. Akwai abin da zan saka cikin ambulan ɗin nan wanda waya ba ta ɗauka. Ban da haka kuma na san halinka, Yaya. In na kira ka za ka saurara, ka yi ajiyar zuciya, ka ce Allah ya kyauta, ka tambaya ko a aiko da wani abu, shi ke nan magana ta mutu. To wannan ba ta mutuwa haka ba ce. Maganar Auta ce, kuma a cikinta akwai laifin da na yi maka, na yi masa, wanda bakina ba zai iya faɗa ba sai dai hannu ya rubuta. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Bari in fara da tuna maka shagon Baba, ba don ka manta ba, sai don shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ce. Yana nan yadda ka bar shi, tsakanin Maiwalda da mai aski, ƙofa ɗaya taga ɗaya, da dogon teburin nan da aka tokare ƙafarsa guda da guntun katako. Har kwanan baya masu ƙera ƙofofi da kafintoci da teloli ba su daina zuwa Auta ya fitar musu da zane ba, kamar yadda suke zuwa wurin Baba. Amma ba wannan zanen nake nufi ba. Ina nufin ɗayan, wanda ba na kowa ba, wanda Baba ke ce wa zanen sanyin rai. Ka tuna in mun yi faɗa ba ya dukanmu, sai ya yanka takarda daidai tafin hannu, ya zaunar da mu. Ba fensir, ba abin gogewa, tawada kawai. Layi kusa da layi, da'ira cikin da'ira, nan saƙar tabarma, can ɓawon kifi, in hannu ya kuskure ba a gogewa, sai a ɗora wani abu a kan kuskuren har ya zama kamar da gangan aka yi. Kafin takardar ta cika mutum ya manta abin da ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Sannan ga dokar da ba a karyawa: mai zane in ya buɗe alƙalami, sai ya miƙa murfin ga wanda ke zaune kusa da shi. Baba ya ce hannu ba ya ƙoshi, idon mai zane kuma yana cikin zanen, ba ya ganinsa, garin neman gira sai ya rasa ido. Mai riƙon murfi shi ke kallo, in ya ga zane ya kai, sai ya ajiye murfin a kan takardar ba tare da ya ce uffan ba, mai zane kuma ya tsaya ko da layi bai kai ƙarshe ba.

Ni dai ka san yadda tawa ta ƙare. Sau uku aka ba ni riƙon murfi, sau uku ina ajiye shi bayan minti biyar don ƙawayena suna jirana a waje, har Baba ya ce Guguwa ba ta riƙe murfi, a bar ta ta je ta kwashe shanyar mutane. Sunan ya bi ni har gidan miji. Kai kuma zanenka kamar kaza ta taka tawada, ka yi haƙuri gaskiya ce, amma ido Allah ya ba ka. Sai ka tashi ka je bakin ƙofa ka tsaya, ka karkatar da kai, ka dawo ka zauna, wani lokacin har sau huɗu, sannan ka ajiye murfin. Ko Baba kai yake ba riƙon nasa a ƙarshen rayuwarsa. Auta shi ne mai hannu, shi da ba ya iya haɗa magana biyu a gaban baƙo, amma in ya sunkuya kan takarda sai ka ji numfashinsa ya daidaita kamar na jariri mai barci.

Bayan rasuwar Baba da tafiyarka, Auta ya yi shekara uku yana lalata takardu, yana cika su har su dagule, ba mai tsayar da shi. Da ya auri Malama, Allah ya ji ƙanta, ita ta karɓi riƙon murfin. Da farko ba ta iya ba, yau ta yi sauri gobe ta makara, sai ya fito mata da tsofaffin takardun da kai ka tsayar, ta riƙa dubawa kamar mai shirin jarrabawa. Daga baya ta gano tata hanyar. Ta taɓa gaya mini ita ba takardar take kallo ba, shi take saurare. Wai muddin zane yana buƙatarsa numfashinsa a kwance yake, da zarar ya kai kuma shi bai sani ba, sai ya fara matse alƙalami yana riƙe numfashi, kamar mai neman abin da ya ɓace a ɗakin da ya riga ya share. Nan take ajiye murfin. Shekara bakwai suna haka, Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban taɓa jin an ce yau ga Auta can ya ɗaga murya ba.

Ka san rasuwarta, an gaya maka a waya, ka yi kuka, ka ce aiki bai bar ka ka zo ba. Tun lokacin na riƙe ka a raina, gara in faɗa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda safiyar ta kasance. Ranar Talata ce, ta biyo ta shago za ta wuce makaranta, ta tarar ya shimfiɗa takarda babba ya fara sabon zane daga tsakiya. Ta tsaya ta kalla kaɗan, ta ce ta makara, in ta taso ƙarfe biyu za ta dawo ta gani. Maiwalda ya ce har ta ɗaga wa Auta hannu tana dariya. A mararrabar da ke gaban gidan mai babbar mota ta kwashe su, ita da mai babur ɗin. Asibitinmu aka kawo ta, ina bakin aiki, ni na rufe mata ido. Jakarta ma ni aka miƙa wa, na kai gida na ɗora a kan kabad, wata bakwai ban iya buɗe ta ba.

Da aka gama karɓar gaisuwa Auta ya koma shago ya zauna a kan takardar nan, mu kuwa har murna muka yi. Mama ta ce a bar shi, maganin gidanmu ne, da shi ubansu ya rene su. Sati ya wuce, wata ya wuce. Takarda ta cika, sai ya yanko wata ya manna a gefenta da gam ya ci gaba. Ita ma ta cika ya ƙara wata. Masu kawo aiki suka zo suka gaji suka koma wani wuri, bai ko ɗaga kai ba. Yana sallarsa, wannan ban hana masa ba, amma kafin ya tashi sai ya naɗe bakin alƙalamin da jiƙaƙƙen tsumma kamar mai ɗaure ciwo, yana idarwa ya warware ya ci gaba. Na ga alƙalamin ba murfi, na ɗauka faɗuwa ya yi ya shige ƙarƙashin kaya, na sa aka ɗaga teburi aka share ko'ina ba a gani ba. Na sayo masa sabo dal da murfinsa, yana nan cikin kwalinsa har yau. Sau ɗaya na ji ya ce, ba da ni yake ba ma, wai murfin yana wurinta. Na ɗauka irin maganar masu baƙin ciki ce, na bar ta ta wuce ta bayan kunnena.

Yaya, da ka ga zanen a wata na biyar da ka riƙe baki. Ya rufe teburin nan kaf, ya zubo ta gefe kamar an shanya zani. Ni da ban san komai ba sai in tsaya ina kallo, ido ya bi layi guda ya kai shi wani wuri, ya dawo ta wata hanya. Masu jiran aski har leƙowa suke ta taga. Amma ka dubi mai zanen! Wandonsa sai da igiya, wuya ya fito, idanu jajur kamar gauta. Kantar da ke yatsansa ta tsage, tawada ta shiga ciwon, na wanke na ɗaure, kafin in kai bakin titi ya kwance don wai yana hana shi jin alƙalami. Abinci in Maiwalda ya kai masa da rana, ni nake zuwa da yamma in tarar da shi ƙudaje sun riga shi. Na kawo likitan ƙwaƙwalwa na wurin aikinmu har shago, mutumin kirki ne, ya zauna da shi fiye da awa guda. Ya rubuta magani, Auta yana sha ba gardama, don shi bai taɓa iya gardama ba. Likita ya ce kada kowa ya ƙwace alƙalamin nan da ƙarfi, shi ne igiyar da yake riƙe da ita, amma in ramar ta ci gaba ba makawa sai an kwantar da shi. Kawu shi tun farko cewa yake a karya alƙalamin a cusa yaro a mota, wai muna shagwaɓa hauka. Ban ga laifin asibiti ba, nan nake cin abinci, kuma na ga waɗanda suka shiga ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa suka fito garau. Sai dai na san dokarsa, ba a shiga da abu mai tsini ko na sakace ne. Na rasa yadda zan yi in hango hannun Auta ba komai a cikinsa.

To ga laifina. Sati uku da suka wuce na dawo daga aiki a gajiye, na same shi ya ƙara manna sabuwar takarda, raina ya ɓaci, na ce yau sai na kashe maganar nan. Na ɗauki hoton zanen da waya a gabansa, na ce zan tura wa Yaya ya duba. Ban tura ba. Fushi nake da kai, kuma ina tsoron ka ce Allah ya kyauta, sannan can cikin raina na ce wai me ke cikin abin nan, ba dai cewa za a yi ya isa ba? Washegari da hantsi na shiga da fara'ata, na ce masa Yaya ya gani, ya ce zane ya yi kyau ƙwarai, ya kai, a ajiye alƙalami. Wallahi Yaya, ya ɗago kai ya dube ni, rabon da ya dubi idon mutum tun ranar da aka binne ta. Har zuciyata ta fara cewa an dace. Sai ya tambaye ni a hankali, wai ina Yaya ya ce ya duba. Na ce tsakiya. Sai ya yi dariya, irin dariyar da ba na fatan in sake ji a bakin ɗan'uwana. Ya ce Yaya bai taɓa cewa zane ya yi kyau ba tun da aka haife shi, bai taɓa tsayar da shi da baki ba, ba ya duban tsakiya, farin da aka bari yake dubawa, kuma ba zai yanke hukunci a kan abin da bai tsaya a bakin ƙofa ya kalla ba. Ya ce Guguwa har yanzu sauri take ta je wasa. Ya mai da kansa ƙasa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani tun ina yarinya, amma ban san zai rufta da wani ba ni ba. Da a ce zagina ya yi da na ji sanyi. Tun daga ranar bai sake manna takarda ba. Ya koma can bakin zanen ya fara cike farin da ke tsakanin layuka, gida-gida, yana zagayowa yana matsowa ciki. Duk saƙar nan da mutane ke leƙe ta taga ta tafi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, takardar har ta yi nauyi tana lanƙwashewa don tawada. Kwalbar tawada uku zanen ya shanye a sati uku. Da tiren abincinsa nake aunawa ba tare da ya lura ba. Satin farko abin da ya rage na zane ya fi tiren, satin da ya wuce ya dawo daidai faranti. Abin da ya rage ɗin kuwa shi ne tsakiyar nan, wurin da ya fara a gabanta ranar Talata. Da ya matso nan hannunsa ya rage sauri, layukan sun koma sirara kamar gashi, amma bai tsaya ba.

Shekaranjiya waccan Maiwalda ya tare ni a bakin titi, ya cire gilashin aikinsa, na ga babban mutum yana hawaye. Ya ce ya tambayi Auta in fari ya ƙare sai me, Auta ya ce masa in fari ya ƙare ba sai an wahalar da kowa da riƙon murfi ba. Yaya, ni ma'aikaciyar asibiti ce, na sha jin irin maganar nan, kuma na san inda wasu masu faɗinta suka ƙare. Ban ɓoye ba, a take na kira likita. Mun kwashe reza da almakashi da wuƙar yankan takarda daga shagon, maganinsa yana hannuna ina ba shi ɗaya-ɗaya, kuma ba a barinsa shi kaɗai, Maiwalda da maigidana da mai aski suna karɓa-karɓa, kwana kuma a gidanmu yake yi. Likita ya ce ƙarshen watan nan za a kwantar da shi ko ana so ko ba a so, in kuma aka ga alamar wani abu kafin nan ba za a jira ba. Ni zan sa hannu a takardar, Kawu ya ce shi zai kawo mota.

Ana cikin haka aka aiko daga makarantar su Malama, wai makullin kabad ɗin ajinsu ake nema, tun rasuwarta yake kulle, ba sa son fasawa. Dole na sauko da jakar. Na zauna a bakin gado na zazzage ta a kan zanin gado. Jan biro biyu, guntayen alli, rabin ƙunshin biskit da ya zama gari, takardun yara da ba ta kai ga dubawa ba, makullin da ake nema, da hankicinta a ƙudundune. Na warware hankicin, sai ga murfin. Baƙi, da tsagar nan a gefe ta ranar da ka taka shi muna yara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ya miƙa mata da safen nan kamar kullum, ta ga ta makara ta jefa a jaka, da niyyar ƙarfe biyu ta dawo ta ajiye masa. Ashe gaskiya yaron nan ya faɗa, murfin yana wurinta. Wata bakwai yana hana alƙalami bushewa yana jiran a tsayar da shi, abin tsayarwar kuma yana kan kabad ɗina yana shan ƙura, ina kwana ina tashi a ƙarƙashinsa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da na rufe mata ido.

Ba zan ɓoye maka ba, a ranar na saka shi a aljihu na nufi shago da saurina, ka san ni. Na tsaya a bakin ƙofa inda kake tsayawa, na karkatar da kai yadda kake yi, na kalla har na gaji da tsayuwa. Ban ga komai ba, Yaya. Baƙi na gani da ɗan fari a tsakiya, da ƙeyar ƙanena. Na saurari numfashinsa yadda Malama ta ce, ƙarar injin Maiwalda kawai nake ji da bugun zuciyata. Hannuna yana cikin aljihu yana murza murfin, sai na tuna dariyar nan. In na ajiye shi ya sa bayan hannu ya ture, shi ke nan, murfi ɗaya ne a duniya, ba na biyu. Karo na farko a rayuwata na juya ban yi abin da na zo yi ba. Na je na gaya wa Mama komai har ƙaryar, ina jiran ta wanke ni tas. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta karɓi murfin ta juya shi a hannunta, ta ce ubanku ya raba muku gado tun yana da rai, ya ba Auta hannu, ya ba babbanku ido, ke kuma ƙafa ya ba ki, to ki yi aikin ƙafa, ki nemo mai ido.

Shi ya sa ga shi nan cikin ambulan, a naɗe cikin hankicinta yadda na same shi. Ban yarda da gidan waya ba, na ba Alhaji mai kayan gini da ke zuwa garinku sari, na sa ya rantse hannu da hannu zai ba ka. Kada ka aiko shi, kada ka kira ka ce a ba Auta waya, kada ka aiko da komai, ba abin da muka rasa sai kai. Na san aikinku ba a barinsa da sauƙi, na san tafiyar ba kusa ba ce, na san bayanka. Duk na auna kafin in ɗauki biro. Amma zumunta a ƙafa take, kuma ka bar ta ta huta shekara goma sha ɗaya, ya ci a ce ta iya tafiya ɗaya.

Kuma in ka zo, don girman Allah kada ka yi irin tawa. Kada ka ajiye murfin don ka ga ya rame, ko don Mama tana kuka, ko don ranar komawarka ta matso, zai gane kafin hannunka ya bar takardar. Na sani watakila lokacin tsayarwa ya wuce tun tuni, tun a wata na biyu ko na uku, watakila abin da za ka tarar ba zane ba ne kuma. Wannan kai ka san yadda ake yi da shi, ni ban sani ba. In ka duba ka ga bai kai ba, ka jawo kujerar Baba ka zauna kusa da shi, ka buɗe hannunka ya ga murfin yana wurin mai rai. Ko da asibitin ne a ƙarshe, gara ya shiga da alƙalaminsa a rufe a aljihunka, da a ɓamɓare shi daga yatsunsa a buɗe. Ƙaryar da na yi da sunanka kuma ka yafe mini, in ba za ka yafe ba ka zo ka faɗa mini a gabana, na yarda.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ta yi haƙuri zan ɗauke mata miji na ɗan lokaci, ita ma tana da ƙanne, za ta gane. A gaishe da Dogo, an ce ya fi ka tsawo yanzu, da 'Yar Baba, da ƙaramar nan Kwandala da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Mama tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya tana sa muku albarka, ta ce a gaya maka ta sa an gyara ɗakinka, ba ta tambayi kowa ko za ka zo ba. Kawu yana gaisuwa, Gwaggo ma haka, da maigidana, da Maiwalda wanda ya ce har yanzu bai manta tagarsa da ka fasa da ƙwallo ba. Auta bai san na rubuta ba, ban kuma gaya masa an ga murfin ba, na gama yi masa alkawari da bakin wani.

Da safen nan kafin in liƙe ambulan na biya ta shago na kai masa shayi, ya sha rabi. Ban auna da faranti ba, ya yi masa yawa yanzu. Da ya tashi wanke hannu na ɗora tafina a kan abin da ya rage, bai fi shi da komai ba, daidai takardar da Baba ke yanka mana in mun yi faɗa. Yanzu kullum yana cin kamar tsawon ƙwayar shinkafa ta kowane gefe. Kai ne mai ido, ka auna da kanka kwana nawa ke nan, ka taho.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da mu gaba ɗaya. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Guguwa